Inna ta tafi ta bar mu da dariya, Yaya ya ce ba mu san mutuwa ba

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar auta ce a ɗakinmu, shekarata 36, ina aure a Kaduna da yara uku. Mahaifiyarmu, wadda gida da waje ake kira Inna, ta rasu a Zariya wata bakwai ke nan, tana da shekara 80 da 'yan kai. Babban yayanmu da matarsa su ne suke zaune da ita a gida har ranar da ta cika.

Anti, ba a zama kusa da Inna a tashi ba a yi dariya ba. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta rene mu bayan rasuwar Baba, kuma ita ce uwar adashin unguwarmu. Jikokinta maza duk mazajenta ne, kullum tana bin su kuɗin cefane, matan kuwa kishiyoyi. Ko a gadon asibiti, da likita ya ce ta bar gishiri, ce masa ta yi gishirin ne ya kawo ta inda take, ya bari ya kai rabin shekarunta tukuna su yi magana.

Ranar kwana uku, wata ƙawarta ta kwaikwayi yadda take ciniki da mai itace, na fashe da dariya har da hawaye, mata suka kama. Yaya, wanda shi ne ɗan farinta, ya leƙo daga zaure ya ce a gaban jama'a ba mu san mutuwa ba. Na haɗiye. Bayan wata biyu kewa ta ishe ni, na tura ɗaya daga cikin saƙonnin murya da take aiko mini a zauren WhatsApp na gidanmu. Ashe a ƙarshensa akwai inda take tsokanar tuwon matar Yaya, wai gudajinsa sai an nemo turmi. Matar ta fita daga zauren, Yaya ya ce in goge muryoyin gaba ɗaya, kuma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na kawo shawarar mu taru idan ta cika shekara, a yi mata addu'a, kowa ya ba da labarinta, ya ce bidi'a ce.

'Yata mai shekara 9, wadda take kwana ɗakin Inna duk hutu, ta daina ambatonta sam. Ni kuma abin da ke hana ni barci shi ne kiranta na ƙarshe. Ina tsakiyar girki na ce mata zan kira, ban kira ba har ciwo ya kwantar da ita ta daina magana. Shin laifi nake yi da nake tuna ta da dariya? In goge muryoyin? Yaya zan yi da Yaya?

Wata baiwar Allah, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Inna, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ɓoye miki ba, maganar gishirin nan ta sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki, ni da ban taɓa ganinta ba. Ina gama dariyar na ɗaga hannu na roƙa mata rahama. Kin ga abin da labarinta ya jawo mata daga bakin baƙuwa.

Ba laifi kike yi ba. A Suratun Najmi, aya ta 43, Allah ya ce shi ne ya sa dariya, shi ne ya sa kuka, kuma a ayar da ke biye ya ce shi ne ya kashe, shi ne ya rayar. Abin da addini ya hana mai makoki sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da furta maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Sahabbansa kuma sukan zauna bayan sallar asuba suna tuna abubuwan da suka wuce suna dariya, shi yana murmushi, kamar yadda Jabir ɗan Samura ya ba da labari a ruwayar Muslim. Dariyar da ta kuɓuce miki ranar kwana uku tare da hawaye ta fito, ke da kanki kika faɗa. Kewa ce ta samu ƙofa. A gargajiyarmu ma mutuwar tsohuwar da ta ga jikoki ba a ɗaukarta kamar ta yaro, har a wasu garuruwa jikoki kan kwaikwayi tafiyar kaka da maganarta a gidan makoki, don wasan da ke tsakaninsu bai ƙare da numfashinta ba.

To amma ina so ki fita daga tsakar gida ki shiga zaure, ki zauna inda Yaya ya zauna ranar nan. Kwana uku kafin wannan dariyar, shi ne ya bi makara zuwa maƙabarta. Wataƙila shi ya shiga ramin ya karɓe ta, ya jera itace, ya ga ƙasa ta rufe. Ku mata ba ku ga wannan ba, mu ba ma gani. Daga nan ya dawo ya zauna kan tabarma yana amsa gaisuwar mutane daga safe har dare, kowa na ce masa ya haƙuri, shi kuma ba shi da damar ya yi kuka a gabansu. Yana cikin wannan hali ya jiyo shewa daga cikin gida. Bai kyauta ba da ya tsawata miki a bainar jama'a, da ya kira ki gefe da ya fi. Amma ni ban ji ƙiyayya a maganarsa ba. Mutum na ji wanda ƙasar kabari ba ta gama fita daga farcensa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, kuma a kansa nake so mu daɗe. Kin ce shi ɗan fari ne, ke auta. A gidan Bahaushe na zamanin su Inna, waɗannan biyun ba uwa ɗaya suka sani ba, ko da ciki ɗaya suka fito. Uwa tana kunyar ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ake ba wa shi bayan yaye. Idan ya yi abin kirki ta kawar da kai, idan aka yabe shi a gabanta ta canja magana. Ba rashin so ba ne, alkunya ce, kuma matan wancan zamani sun riƙe ta da gaske. Auta kuwa 'yar lele ce, ita ake zama da ita a kan tabarma ɗaya ana gulmar duniya. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: kin taɓa ganin Inna ta tsokani Yaya yadda take tsokanarki? Ta taɓa aika masa saƙon murya tana dariya? Ina kyautata zaton amsar a'a ce. Innar da kike ba da labarinta, mai ban dariya har a gadon asibiti, ta kowa ce a unguwa, ta mai itace, ta jikoki, ta likita, amma mai yiwuwa shi kaɗai ne bai samu rabonsa daga gare ta ba. Tasa Innar ita ce matar da ya gani tana matsar man gyaɗa da asuba bayan rasuwar Baba, lokacin da ke kina goye ko ba ki yi wayo ba. Ya san gajiyarta da bashinta da hawayen da ta ɓoye muku. Idan kuka taru kuna dariya, yana iya jin kamar an manta da wannan matar, ko kuma yana jin zafin abin da bai taɓa samu ba. Namijin da ya haura shekara 50 ba zai iya buɗe baki ya faɗi haka ba. Abin da zai iya faɗi shi ne ba ku san mutuwa ba.

Yanzu sai inda kika yi kuskure, kuma zan faɗa miki kai tsaye don na ga ke mai son gaskiya ce. Saƙon nan da kika tura bai kamata ya fita daga wayarki ba. Inna da autarta take magana, ba da zauren gida ba. Da tana raye aka kunna shi a gaban surukarta, ita ce za ta fara jin kunya. Ki duba matar Yaya: ita ta tuƙa wannan tuwon shekara da shekaru, ita ke ɗumama ruwan wanka, mai yiwuwa ita ta yi jinya a makonnin ƙarshe kina Kaduna. Sai ga muryar matar da ta yi wa hidima tana yi mata dariya a gaban dangin miji, kuma ba ta da hanyar da za ta je ta ce, Inna, da gaske kike ko wasa? Raha tana da daɗi ne idan mai yin ta yana nan zai dafa kafaɗarka ya ce kai ma ka san wasa nake. Wannan kafaɗar babu mai dafa ta yanzu. Magana zarar bunu ce, ba za ki iya mayar da ita ba, amma za ki iya ɗinke inda ta yage.

Ba ta waya za ki ɗinke ba. Zariya da Kaduna ba nisa, mota ɗaya ce, ki nemi izinin maigidanki ki je ki wuni. Ki fara da ɗakin matar Yaya kafin Yaya, ki riƙe mata ɗan abu a hannu, ko turmin atamfa ko sabulu da turare, gwargwadon hali. Kada ki buɗe baki da cewa ai Inna wasa take. Ta sani. Ki ce mata: Yaya, na yi miki laifi, ban saurari saƙon har ƙarshe ba na tura, ki yafe mini. Daga nan ki faɗa mata abin da wataƙila babu wanda ya faɗa mata tun ranar rasuwa, cewa ku 'ya'yan Inna kun ga hidimar da ta yi, kuma ba za ku iya biyanta ba. Idan kin taɓa jin Inna ta yabe ta ko ta sa mata albarka, ko sau ɗaya ne, ki kawo mata wannan maganar yadda aka faɗe ta, kada ki ƙara gishiri. Idan ta yi kuka ki bar ta ta yi. Idan ta amsa da sanyi-sanyi kada ki ji haushi, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kada ki matsa mata ta dawo zauren, ranar da ta huce za ta dawo da ƙafarta.

Shi kuwa Yaya, kada ki je masa da hujja. Na kawo miki aya da hadisi don zuciyarki ta natsu ne, ba don ki je ki kayar da shi a muhawara ba. Ki gaishe shi, ki ba shi haƙuri kan saƙon, sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ya ba ki labarin Inna a shekarun da ba ki sani ba. Yaya aka yi bayan rasuwar Baba? Wa ya ba ta jarin farko? Ina take sayen gyaɗa? Shi ke kai tallan ƙuli-ƙuli kafin ya tafi makaranta? Ki yi shiru ki saurara. Babban wa magajin uba ne, kuma babu abin da ke sassauta irinsu kamar a nuna musu akwai abin da su kaɗai suka sani. Idan ranar farko bai ce komai ba, ki bar shi, kin dai buɗe ƙofa. In kuma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawunku ko wata gwaggo ko aminin Baba, ya shiga tsakani. Kada ki kai ƙararsa zauren WhatsApp, kada kuma ki tara 'yan uwa a bayanki.

Muryoyin kuwa kada ki goge. Ke aka aiko wa, amanarki ce, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Amma ki yi wa Yaya alkawarin da za ki iya cikawa: babu wanda zai sake fita sai kin saurare shi daga farko har ƙarshe, kuma duk wanda aka ambaci wani a ciki da abin da ba zai so ba, zai zauna a wurinki ke kaɗai. Ki ware lokaci ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Za ki tarar wasu addu'a ce da sa albarka, wasu labari ne ko yadda ake wani girki, wasu kuma hirar uwa da 'ya ce da ba ta shafi kowa ba. Na farko da na biyu su ne gadon jikoki. Na ukun naki ne.

Ki kuma yi sauri ki adana su, don waya ba ma'aji ba ce. Tana faɗawa ruwa, ana sacewa, tana mutuwa rana ɗaya. A cikin WhatsApp akwai inda ake fitar da hira gaba ɗaya tare da muryoyi da hotunan da ke cikinta, ki sa wani yaro da ya iya ya nuna miki, ki tura wa kanki ta imel, ki ajiye kwafi a Google Drive, wani kuma a kan kwamfuta ko katin ajiya da za ki sa a akwati. Ki sa wa kowanne suna da kwanan wata don kada ya zama tarin da ba a san kansa ba. Wayar Inna kanta ma a duba ta. WhatsApp kan rufe asusun da ya yi kamar kwana 120 ba a taɓa shi ba, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfanin waya kan karɓe ya sayar wa wani. Kada ki firgita idan wata rana kika ga hoton baƙo a kan lambarta. Sai dai ki tuna wayar tana cikin kayan gado, kamar zannuwanta da kwanukanta, don haka da sanin Yaya da sauran magada za a buɗe ta. Tunda kuma uwar adashi ce, ki tambaya a hankali ko akwai zubin da bai kai ga mai shi ba, ko bashin da ke kanta. Biyan wannan yana gaba da rabon gado, yana kuma gaba da duk wani taron tunawa.

Maganar taron shekara, ba zan raba muku gardama ba, domin ta girme ku duka. Malamanmu sun daɗe da saɓani kan sadakar uku da bakwai da arba'in da ta shekara. Gidaje da yawa, musamman na mabiya ɗariƙu, suna yi suna ganin sadaka ce da addu'a. Malaman Izala, tun kafuwar ƙungiyar a Jos a 1978, suna hana ware wata rana don haka. Yaya yana da malaman da yake bi, kuma ba taurin kai ba ne mutum ya tsaya kan abin da ya yi imani da shi. Ki tambayi kanki me kike nema a taron. In na fahimce ki, so kike a taru, a yi mata addu'a, a ambace ta. Babu ɗaya cikin ukun nan da ke buƙatar ranar cika shekara. Da Sallah ai kuna zuwa gida. Ki ce wa Yaya bana kina so ki ɗauki nauyin girkin washegarin Sallah, a yi miyar da Inna ta fi so. Idan jikoki suka cika tsakar gida, ba sai an sa wa abin suna ba, labarinta zai taso da kansa. Zumunci babu malamin da ya hana.

Ga kuma abin da ku biyun ba za ku yi saɓani a kansa ba. Hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ya tambayi Annabi wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Ku haɗa abin da ya sawwaƙa. In rijiya ta fi ƙarfinku, randa a ƙofar gida da bazara ma ruwa ce, haka dasa bishiya, haka biya wa maraya kuɗin makaranta. Ni da za a bi tawa, jari za ku ba wata bazawara mai marayu a unguwar ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli, don wannan ya fi kama da Inna. Ki bar Yaya ya jagoranci wannan, ki kawo naki ki sa a hannunsa.

Kada ki manta da ƙawayenta, musamman wadda ta kwaikwayi cinikin itace, don ina jin ita ma tsawar nan ta taɓa ta. Annabi ya kasance idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija nama, shekaru bayan rasuwarta. Wata rana 'yar uwarta Halatu ta yi sallama, ya ji irin sallamar Khadija a muryarta, abin ya motsa masa zuciya har Nana A'isha ta lura. Kin ga ba ke kika fara jin abin da murya ke yi wa mai kewa ba. Ki ziyarci tsofaffin nan da ɗan goro da abin miya, ki nemi izininsu ki ɗauki hirarsu a waya. Su ma ba jiran ki za su yi ba, kowace damina ana raguwa. Ba za su ba ki shekaru da lamba ba, da abin da ya faru suke lissafi. Idan aka ce miki lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, 1956 ke nan. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, 1972. In aka ce shekarar canjin kuɗi, ki tambaya wanne, domin an bar fam da sule an koma naira da kwabo a 1973, an kuma canja launin takardun kuɗi a 1984. Da irin wannan za ki gano shekarar aurenta, da ta haihuwar Yaya, da lokacin da ta fara sana'a. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi ki riƙa rubutawa, maganganunta da kalmominta yadda take faɗinsu, har da sunayen da ta laƙaba wa kowane jika da dalilinsu. Abin da zai ɓata wa wani mai rai, ki bar shi a waje.

'Yarki kuwa, ina zargin tana nan ranar da aka yi tsawar, ko ta ji labari. Yaro mai shekara 9 yana iya fahimtar cewa ambaton Inna yana kawo faɗa, ko yana sa Mama kuka, sai ya kulle bakinsa don ya kare ki. Kada ki zaunar da ita ki yi mata tambayoyi. Kina tsinke zogale ko kina mata kitso, ki ce, kin tuna abin da kishiyarki take cewa idan kin ƙi cin tuwo? Ki yi dariyarki, in hawaye ya zo ki bar shi ta gani, ki ce mata kewa ce, kuma ba laifi. Ki koya mata gajeriyar addu'a da za ta riƙa yi wa kakarta bayan salla. Idan an raba kaya, ki nema mata ɗankwali ɗaya ko tasbaha daga rabonki ta ajiye. In kika ga ta daina cin abinci, ko tana firgita da dare, ko karatunta ya ja baya sosai, ki yi magana da malamarta, ku ga likita.

Na bar kiran nan na ƙarshe sai yanzu don na san shi ne ƙayar. Ƙanwata, ba ki san na ƙarshe ba ne. Babu wanda ake sanar wa. Sau nawa a rayuwarki kika ce mata zan kira, kika kuma kira? Matar da ta yi shekaru a gaban murhu, mai a wuta, ita ta fi kowa sanin abin da ake nufi da ina tsakiyar girki. Ni ma tawa mahaifiyar ina hanya ta cika, na daɗe ina lissafin da na fito da wuri, har na gane lissafin ba ya ƙara mata komai, addu'ar da nake yi a lokacin da nake ɓatawa a kansa ita ke isa gare ta. Duk daren da tunanin ya taso, ki tashi ki yi alwala, ki faɗa wa Allah abin da kika so faɗa mata, ki roƙa mata gafara. Amma ki lura da kanki. Wata bakwai ana rashin barci ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa baƙin cikin rashi yana iya zarcewa ya zama ciwo mai buƙatar magani, idan ya haura wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Idan kin ga barci ya ƙi, abinci ya fita ranki, ko kula da yara ya fara gagararki, ki je asibiti. A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, kuma ba sai wanda ya zauce ke zuwa ba. Ki faɗa wa maigidanki halin da kike ciki, kada ki riƙe ke kaɗai.

Lokacin da kike bin muryoyin nan, ki kasa kunne ga wani abu. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari tana da yadda take ambatonsa, ko ta ce yayanku, ko babban, ko wancan na zaure. A cikin saƙonni masu yawa haka, da wuya a rasa inda ta ce yayanku ya kawo mini magani, Allah ya yi masa albarka, ko inda take damuwa da yawan aikinsa. Idan kin samu, kada ki tura a zaure, kada ma ki tura masa ta waya. Ranar da kika je Zariya, bayan kun gaisa kin ba da haƙuri, ki ce masa akwai saƙon da Inna ta bari wanda nasa ne. Ki kunna, ki ajiye wayar a gabansa, ki tashi ki shiga cikin gida ki ba shi wuri.

Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haɗa kanku. Ki rubuto mini bayan kin dawo daga Zariya, ina son jin yadda kuka yi.